Jinyar Yaron Da Ciwo Ya Taɓa Ma Ƙwaƙwalwa

 Hirarmu ta wannan mako a kan yara take, yaran da ciwo ya taɓa ma ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi. Kusan kowace unguwa akwai irinsu. Ga wanda yake faɗuwa yana jijjiga, ga wanda ya shekara 3 bai zauna ba, ga wanda ya tashi daga sanƙarau kunnenshi ya toshe. Da yawa cikinsu ana ɓoye su a ƙuryar ɗaki, ana cewa iska ta shafe su, ba abin da za a iya. Akwai abin yi, kuma mafi yawanshi a hannunku yake. Lokotoro yana ganin yaro minti goma, ko kwana goma in an kwantar da shi. Sauran kwanakin shekara duka, ke uwa da kai uba, ku ne masu jinyarshi. Saboda haka ya kamata ku san aikin.

ƘWAƘWALWA DA AIKINTA

Ƙwaƙwalwa ita ce sarkin jiki. Daga gare ta laka ta sauko cikin ƙashin baya, daga laka kuma jijiyoyi suka rarrabu zuwa hannuwa da ƙafafu da ko'ina. Ta jijiyoyi take aika umurni: ɗaga hannu, haɗiye kunu, buɗe ido. Umurnin yana tafiya kamar ƴar ƙaramar wutar lantarki. In wutar ta rikice ta yi yawa gaba ɗaya, sai yaro ya faɗi yana jijjiga. In kuma wani sashe na ƙwaƙwalwa ya lalace, gaɓar da yake mulki sai ta saki ko ta sanƙare.

A ƙasarmu abubuwa huɗu suka fi yi ma ƙwaƙwalwar yara ɓarna.

Na ɗaya, sanƙarau. Nijar tana tsakiyar yankin da wannan ciwo ya fi addaba, yankin da ya miƙe daga Sanagal har Habasha. Lokacinshi rani ne, daga hunturu da ƙura har saukar ruwan damina. A shekara 2015 annobarshi ta kama mutum fiye da 8,000 a ƙasar nan, fiye da 500 suka rasu, kuma Yamai da Doso suka fi jin jiki. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka tsira daga sanƙarau, 1 yana iya fita da wata naƙasa.

Na biyu, masassarar cizon sauro in ta hau kai. Wannan ta damina ce da kaka.

Na uku, wahalar haifuwa. In naƙuda ta yi tsawo jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba, ƙwaƙwalwarshi ta rasa iska. Hakanan shawara mai tsanani cikin makon farko, wadda ke sa idon jariri da jikinshi su yi ɗorawa.

Na huɗu, buguwa a kai: faɗowa daga bisa jaki, ko amalanke, ko babur, ko icce.

IN YARO YA FAƊI YANA JIJJIGA

Wannan ita ce sa'ar da hankali ke tashi, kuma a cikinta ne ake yin kuskuren da ke kashe yaro. Ku riƙe waɗannan abubuwa.

1. Ku janye shi daga wuta, da ruwan zafi, da bakin rijiya, da duk abin da ke iya yanka shi.
2. Ku kwantar da shi a ƙasa bisa gefen jikinshi, fuska ta ɗan dubi ƙasa, don yawu da amai su zubo waje.
3. Ku naɗe zane ku sa mashi ƙarƙashin kai. Ku sassauta riga da duk abin da ya shaƙe wuya.
4. Ku dubi agogo ko tarho, ku san ƙarfe nawa abin ya fara.
5. Ku kori taron jama'a, yaro ya samu iska.

Ga kuma abin da ba a yi. Kada ku tura mashi cokali ko kara ko yatsa a baki. Ana cewa zai haɗiye harshenshi, to harshe ba ya haɗiyuwa. Cokalin nan haƙora yake karyawa, yana kuma toshe numfashi. Kada ku ɗura mashi ruwa, ko rubutu, ko man shanu, ko jiƙo, domin wanda yake cikin jijjiga ba ya iya haɗiya, abin da aka zuba huhu yake wucewa. Kada ku danne mashi hannuwa da ƙafafu. Kada ku turara mashi hayaƙi, kada ku kusa da ƙafarshi ga wuta, kada ku sa mashi albasa ko barkono a ido wai don ya farka. Addu'a kuwa ku yi ta, ba ta hana komai cikin abin da muka faɗa.

Yawancin jijjiga tana tsayawa da kanta cikin minti 2 ko 3. Bayan nan yaro yakan yi barci mai nauyi. Ku bar shi bisa gefenshi, ku share mashi baki, ku zauna kusa. Kada a ba shi ci ko sha sai ya farka sarai ya gane mutane.

YAUSHE AKE GUDU LIKITA?

Ku ɗauki yaro nan take, ko dare ne ko rana:

in jijjiga ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba;
in ta tsaya ta sake dawowa yaro bai farfaɗo ba a tsakani;
in wannan ne karo na farko;
in akwai masassara tare da ita;
in jariri ne da bai kai wata 6 ba;
in wuya ya ƙage, ko yaro yana amai yana gudun haske;
in maɗigar jariri ta kumbura, ya ƙi nono, kukanshi ya sake.

Gaskiya ne yara tsakanin wata 6 da shekara 5 sukan yi jijjiga don zafin masassara kawai, su warke ba tare da wata illa ba. Amma a gida ba ku da hanyar rarrabe wannan da sanƙarau ko masassarar da ta hau kai. Sanƙarau kuwa yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya. Kada ku jira gari ya waye, kada ku jira mai gida ya komo daga kasuwa. A hanya ku riƙe yaron bisa gefenshi, ku rage mashi tufafi, ku shafe jikinshi da tsumma mai ɗumi-ɗumi.

Haka kuma duk yaron da bai kai shekara 15 ba, in ƙafarshi ko hannunshi ya saki farat ɗaya, a kai shi likita a sanar. A shekara 2020 aka bayyana cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka, amma akwai wani iri da ke kama yaran da ba su samu rigakafi ba. Don haka ma'aikata suke ɗaukar bayan gidan yaron sau biyu su aika a auna.

ABIN DA ZA KU GANI A LIKITA

Ma'aikacin jinya zai fara da tsayar da jijjiga, sau da yawa da maganin da ake kira Valium, ta dubura ko ta jijiya. Zai ɗiba jini a yatsa don ya duba masassarar sauro da sukarin jini. In ana zaton sanƙarau, za a lanƙwasa yaro a sa mashi allura a ƙasan baya a ɗebo ɗan ruwa kaɗan.

Wannan allura ita ce iyaye suka fi tsoro. Wasu har sukan gudu da yaro, suna cewa ita ke gurgunta yara. Ku sani ana sa ta ne can ƙasa, inda laka ta riga ta ƙare, kuma jiki yana mayar da ruwan da aka ɗiba cikin ɗan lokaci. Ruwan mai lafiya garai yake kamar ruwan sama. Na mai sanƙarau yakan yi gurɓi kamar ƙasari. Da shi ake gane ciwon, da shi kuma ake gane irin ƙwayar da ta shigo gari. In yaro ya fita da naƙasa, ciwon ne ya yi ta, da jinkirin zuwa.

In an kwantar da ku, ke uwa kina da aiki babba. Yaron da bai san inda kanshi yake ba ana juya shi kowace awa 2, daga dama zuwa hagu, don kada fatarshi ta ci. Ana share mashi ido da baki da tsumma mai tsabta. In an sa mashi roba ta hanci don abinci, kada ki cire, kada ki ba shi komai ta baki a ɓoye. Ki lura sau nawa ya yi fitsari, sau nawa ya yi jijjiga, ki gaya ma ma'aikata. Kuma ko yaro ya buɗe ido ya nemi nono, kada ku tafi gida sai allurai sun cika. Ciwon da aka bari rabi yana komowa da ƙarfi.

FARFAƊIYA

Yaron da yake faɗuwa a kai a kai ba tare da masassara ba, shi ne mai farfaɗiya. A duniya mutum wajen miliyan 50 ke da ita. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta tusa, ko ta cin abinci ƙwarya ɗaya. Wanda ya taɓa mai farfaɗiya ba abin da zai same shi. Wannan tsoro ya sa yara da yawa sun ƙone cikin murhu mutane na tsaye suna kallo, ba mai kusantarsu. Duk wanda ya ji wannan hira, daga yau in ya ga haka ya janye yaron.

Ba kullum take zuwa da faɗuwa ba. Wani yaro sai ya ƙafe ido na ɗan lokaci, a kira shi bai amsa ba, sa'an nan ya ci gaba da wasanshi. Malamin lakwal sai ya ɗauka rashin hankali ne, ya doke shi. Shi ma wannan a kai shi a duba.

Cikin masu farfaɗiya 10, wajen 7 suna iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suna sha yadda aka ce. Magungunan da aka fi bayarwa a nan su ne Gardénal, da Tégrétol, da Dépakine. Ga ƙa'idojinsu:

Ana sha kullum, a lokaci ɗaya, ko yaro yana lafiya lau. Ku ɗaura shi ga wani abu da ba ku mantawa, kamar sallar asuba da ta isha'i.

Ba a tsayar da shi farat ɗaya. Yin haka yana tayar da jijjiga mai tsawo wadda ke iya kisa. Lokotoro ne kaɗai yake rage shi sannu sannu, yawanci bayan yaro ya shekara 2 ko fiye bai faɗi ba.

Ku nemi wani tun da sauran na mako ɗaya a hannu. Ku saye shi a farmasi ko a likita. Na masu talla a kasuwa, wanda ya sha rana, ba ku san abin da ke cikinshi ba.

Yaro yana girma, nauyinshi yana ƙaruwa, awon magani ma yana sakewa. Ku riƙa komawa a auna shi.

In ƙuraje sun feso mashi bayan fara magani, ko baki ya yi gyambo, a koma likita ranar nan. In barci ya yi yawa ko yaro ya cika rigima, a faɗa, ana iya gyara awon.

Yarinyar da ta isa aure, a shaida ma lokotoro tun kafin ciki, domin Dépakine yana yi ma ɗan tayi illa, sai a sake mata wani.

Mai farfaɗiya kada ya zauna shi kaɗai bakin murhu, kada ya ja guga a rijiya, kada ya shiga tabki ko gulbi ba babba kusa, kada ya hau icce. Ya riƙa samun barci isasshe, don rashin barci yana tayar da ita. Ban da wannan, ya je lakwal, ya je makarantar allo, ya yi wasa da ƴan uwanshi. Ku gaya ma malaminshi abin da zai yi in ta taso.

YARON DA JIKINSHI YA SANƘARE KO YA SAKI

Wannan shi ne yaron da wuyanshi bai tsaya ba, ko ƙafafunshi suke harɗewa kamar almakashi, ko hannu ya dunƙule. Ku fahimci abu ɗaya: raunin da ke cikin ƙwaƙwalwarshi ba ya ƙaruwa. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙagewar gaɓoɓi, da tamowa, da gyambo, da ciwon ƙirji. Waɗannan duka jinya tana hana su.

Ciyarwa. Ki zaunar da shi a cinyarki a miƙe, kai ya ɗan sunkuyo gaba. In kai ya koma baya, abinci huhu yake shiga. Ki ba shi kaɗan kaɗan da ƙaramin cokali, ki jira ya haɗiye. Kunu mai kauri ya fi mai ruwa sauƙin haɗiya ga yawancinsu. Ɗura ba ta dace da shi ba ko kaɗan. Tun da abin da yake ci kaɗan ne, ki ƙara mashi ƙarfi da garin ƙuli-ƙuli, ko mai, ko madara, ko ƙwai, ko garin zogale, ki ba shi sau 5 ko 6 a yini. Bayan ya ci, ki bar shi zaune rabin awa. In yana tari duk lokacin ci, ko ƙirjinshi yana yawan kamuwa, ki shaida ma likita. Ki kai shi awo kowane wata.

Motsa gaɓoɓi. Bayan wanka da ruwan ɗumi, ki lanƙwasa ki miƙe kowace gaɓa a hankali: kafaɗa, gwiwar hannu, yatsu, gwiwa, idon sawu. Safe da marece. Inda kika ji gaɓa ta tsaya, ki riƙe nan ɗan lokaci, kada ki fizga, kada ki tilasta. In akwai ma'aikacin gashin ƙashi da motsa jiki a babban likita na jiharku, ki nemi ya gwada maki da hannunshi.

Zama da kwanciya. Kada ya yini kwance rigingine. Ki zaunar da shi a kusurwar ɗaki, ko cikin babban kwando da aka cusa ma tsummoki, ko cikin tsohuwar taya. Wani lokaci ki kifar da shi bisa naɗaɗɗiyar tabarma ƙarƙashin ƙirji don ya koyi ɗaga kai. Goyo ma yana da amfani, domin yana buɗe ƙafafun da ke harɗewa.

Fata. Ki duba ƙeya, da ƙugu, da gindi, da dugadugai kullum. Wurin da ya yi duhu ko ja, ya ɗau zafi, gyambo ne ke zuwa. Ki ɗauke nauyi daga wurin. Kada ki bar shi cikin jiƙaƙƙen zane. Ya kwana cikin gidan sauro, don shi ba ya iya korar sauro da kanshi.

Magana. Ki yi mashi magana, ki yi mashi wasa, ki kira sunan abin da kike ba shi. Da yawa cikin yaran nan hankalinsu garas yake, baki ne kawai ba ya biyayya. Ki fitar da shi tsakar gida inda ake daka da hira.

KUNNE DA GIRMAN KAI

Bayan sanƙarau ku gwada jin yaro cikin makonnin farko. Ku tsaya bayanshi inda ba ya ganinku, ku kira sunanshi ko ku tafa hannu, ta dama sa'an nan ta hagu. In bai waiwaya ba, a kai shi a auna kunnen. Kurma yana iya karatu, a Yamai akwai lakwal ta kurame. Hakanan in kan jariri yana girma fiye da kima, jijiyoyin kai suka fito, ido yana kallon ƙasa, ruwa ne ke taruwa a ciki. Ana yin aikinshi a babban likita na Yamai, kuma da wuri ya fi.

INDA KARATUNKU ZAI YI AMFANI

Ku da kuka shiga yaƙi da jahilci, ga wurin da alƙalaminku zai ceci rai. Ku ware ƙaramin littafi don yaron. Duk ranar da ya faɗi ku rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa, da minti nawa abin ya ɗauka, da gefen jikin da ya fara, da ko akwai masassara, da ko an manta magani. Ku rubuta sunan maganin da yawan ƙwayar da yake sha. Ranar komawa likita ku tafi da littafin. Lokotoro bai ga faɗuwar ba, da abin da kuka rubuta zai san ko ya ƙara magani ko ya bar shi. In maƙwabciyarku ba ta iya rubutu ba, ku rubuta mata.

GARE KU MAZA

Jinyar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Uwar da ke ɗaukar yaro mai shekara 7 a baya, ga daka, ga ɗibar ruwa, ga sauran ɗiya, ƙarfinta yana ƙarewa. Kai mai gida, kuɗin magani na kowane wata a wuyanka yake, ka ware shi kamar yadda kake ware hatsin gida. Ka koyi riƙe yaron in ta taso. Kada ka ɗora ma matarka laifi, kada ka bar dangi su yi mata gori, domin ba ita ta jawo ba. Kishiya, da kaka, da yayye, kowa ya karɓe ta ko da na awa ɗaya ne ta huta.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Tun Disamba 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, kuma irin sanƙarau da ya fi kisa a da ya ja baya ƙwarai. Amma akwai wasu ire-irenshi, don haka duk ranar da aka yi shelar allura ku fito da yara. Ku cika katin rigakafinsu. Da damina ku karɓi maganin kariya daga masassara da ake ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Mai ciki ta je awo, ta haifu a hannun ungozomar likita.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a ajinku wannan mako. Mine ne abu na farko da ake yi ma yaro mai jijjiga? Don mi ba a tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya? Yara nawa ne a garinku suke ɓoye a ɗaki, kuma wa zai fara zuwa ya gaida iyayensu?

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.